Babban Baƙi da Kunyar Inna

Ranar wata Talata ce a watan bakwai, tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke bayan Sandamu. Ruwan da aka tafka da asuba ya bi ta ɓular kwano ya cika ajinmu, don haka Malam Haladu, malaminmu na Turanci, ya sa maza suka kinkimo allo da benci muka koma gindin darbejiya, ƙasa tana ƙamshi, ganye yana ɗiga mana ruwa a ka. Malam mutumin Mashi ne, siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma bai yarda a koyi Turanci da baki kawai ba. Ya zaro ƙwarya da dutse daga jakarsa. Ya jefa dutsen cikin ƙwaryar muka ce "in", ya kife ta ya ɗora shi bisa muka ce "on", ya tura shi ƙarƙashi muka ce "under", muna ihu har awakin da ke ɗaure a bakin fili suka ɗaga kai suna kallonmu. Da ya gaji da dutsen sai ya kama monita da kansa ya cusa shi ƙarƙashin benci, muka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Daga nan ya koma kan babban baƙi. Ya ce sunan mutum, da sunan gari, da sunan rana da na wata, duk da babban baƙi Bature yake fara su, kuma "duk wanda ya fara sunansa da ƙaramin baƙi, shi ya raina kansa." Sai ya miƙo mini alli ya ce, "Asiya, zo ki rubuta mana sunan da uwarki take kiranki da shi." Ban kai ga allon ba Larai, 'yar maƙwabtanmu mai bakin da ba ya rufuwa, ta ɗaga murya: "Malam, ai ita uwarta ba ta kiranta. 'Ke' take ce mata!" Aji ya ɗauka gaba ɗaya. Malam ya yi murmushi ya ce ashe 'yar fari ce, in rubuta wanda aka raɗa mini ranar suna. Na rubuta, amma na fara shi da ƙaramin baƙi, ɗan mitsitsi. Ya ba ni bulala biyu a tafin hannu. Wallahi ban manta dokar ba, haushi ne kawai ya cika ni.

Larai ba ƙarya ta yi ba. Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, kuma a wurinmu a wancan lokacin mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma yarda a ga tana kallonsa. Tun da aka yaye ni aka mayar da ni ɗakin Iya, kakata ta wajen uba, a can nake kwana, a ƙwaryarta nake shan fura. Inna tana nan cikin gidan, doguwa, baƙa, mai ɗan tsagen gashin baki a kumatu, kullum da taɓarya ko muciya a hannu, amma tsakanina da ita sai "ke", sai "yarinyar nan". Idan tana son in ɗebo ruwa, bango take gaya wa: "Randar gidan nan dai ta bushe." Ni kuwa in ɗauki tulu da guga in nufi rijiya. Shi kuwa ƙanena Nasiru, daga safe zuwa magariba sunansa ne ke tashi a gidan. Nasiru sauko daga katanga, Nasiru ka wanke ƙafa, Nasiru zo ka karɓi ƙanzo. Ko zagi ne, da sunansa ake haɗa masa. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, Iya ma ta ce haka ta yi wa Baba har ya yi gemu. To amma sanin bai hana abin ci mini rai ba. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, ba takalmi ba, ba awarwaro ba: in ji Inna ta ce "Asiya".

Ni kuma Allah ya yi ni da taurin kai, don haka na shiga ɗana mata tarko. Idan ta ce "ke" sai in yi kamar ban ji ba, in ci gaba da carafkena a gindin rumbu, ina jira ta gaji ta kira sunan. Ba ta taɓa gajiya ba. Sai dai ta ɗauki tulun da kanta, Iya kuma ta biyo ni da tsintsiya tana cewa na zama 'yar banza. Wata rana na share madafi tas, na wanke tukwane, na zo na tsaya a gabanta na ce, "Inna, wa ya yi wannan aikin?" Ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tankaɗen da take yi, ta ce, "Wadda ta yi ta sani." Har akwai wata mai tallan daddawa da ke shigowa gidanmu, takwarata ce, na zuba kunne in ji yadda Inna za ta kira ta. Sai ta ce, "Mai daddawa, zo." Kai! Ranar na shiga bayan ɗakin awaki na yi kuka har na ƙoshi, sannan na goge fuska na fito na ce ƙaiƙayi ne ya faɗa mini a ido.

Tun daga bulalar nan ta gindin darbejiya na riƙe Turancin Malam Haladu da ƙarfi, ban san dalili ba, wataƙila don na ga abu ne mai doka, idan ka bi dokar sai ya ba ka abin da kake nema. Gidanmu kaf na mayar da shi aji. Kaza ta shiga akurki in faɗa da Turanci, kyanwa ta hau katanga in faɗa, akuya ta kwanta ƙarƙashin rumbu in faɗa. A gona ma, lokacin maimai, ina biye da Baba ina tsinto ciyawa ina maimaita abin da ya fi ba ni wahala, wato yadda 'yan ƙananan kalmomin nan suke canzawa idan an zo kan lokaci: rana "on" take ɗauka, wata da shekara "in", ƙarfe kaza kuma "at". Malam yakan ce, "Su ne ƙanana, su ne masu kayar da mutum." Na samo gawayi na bi bangon ɗakin Iya da sunayen ranaku, kowace da ƙaton baƙinta a gaba. Iya ta laƙaba mini Baturiyar Sandamu, idan na shigo ta ce a shimfiɗa wa Baturiya tabarma kada ta kai ƙararmu. Ranar da na gaya mata cewa Bature ko a tsakiyar magana da babban baƙi yake rubuta "ni", ta ajiye mazarinta ta riƙe haɓa ta ce, "Shi da kansa yake kambama kansa? Lalle mutanen nan ba su da kunya." Inna tana gefe tana sheƙar gero. Na ga kafaɗarta ta ɗan girgiza, ina jin dariya ce ta danne.

Da muka shiga aji shida Malam ya ware mu goma sha biyu da za mu zauna jarrabawar shiga sakandare, mu uku ne mata. Ya ce kullum bayan an tashi sai mu tsaya har la'asar. Wannan lokacin kuwa shi ne lokacin surfena, domin ni ke surfa tsabar tuwon dare in kai niƙa. Na yi ta fargabar yadda zan faɗa a gida. Ranar farko na dawo a guje ina haki, sai na tarar an surfe, an wanke, an shanya a tabarma. Ban tambaya ba, ba a kuma ce mini komai ba. Haka aka yi ta yi wata da watanni, ga Inna da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura har takalminta ba ya shiga. Ni a wautata sai na ɗauka ta gaji da surfena ne, don takan ce ba na fitar da dusa da kyau. Allah sarki, hankalin yaro.

Akwai wata ranar Juma'a da nake yawan tunawa. An tashe mu da wuri, Baba ya tafi masallaci da Nasiru, Iya ta shiga maƙwabta barka, gidan ya yi tsit sai kukan kurciya. Na zauna kusa da turmi ina rubutu a ƙasa da tsinke, ina gwada manyan baƙaƙe, na rubuta sunana da girma don babu mai gani. Sai na ga inuwa a kaina. Inna ce, riƙe da faifai. Ta nuna baƙin farko da ɗan yatsan ƙafarta, ta ce, "Wannan mai kama da jinkar ɗakin fa, me ya sa ya fi sauran tsawo?" Na yi mamaki, domin ban saba ta tambaye ni abu kai tsaye ba. Na ce, "Babban baƙi ne, Inna. Da shi ake fara sunan mutum." Ta ce, "Sunan wa?" Sai ni kuma kunyar ta kama ni, na sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba. Ta daɗe tsaye tana kallon ƙasar, sannan ta wuce madafi. Da la'asar ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan tun daga bakin zaure har gindin rumbu, amma da ta zo wurin sai ta kewaye shi, ta bar ɗan fili da rubutun a tsakiya. Ina leƙe daga ƙofar Iya. Kafin magariba kaji sun tone shi.

Da bazara ta haihu, zafi kamar a bakin murhu. Namiji ne, bai kwana biyu ba ya koma. Matan unguwa suka yi ta zuwa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, ita kuma aka ci gaba da yi mata wankan jego da kunun kanwa kamar yadda aka saba, amma zazzaɓi ya ƙi sakinta. Baba ya kawo mai allura daga Sandamu har sau biyu. Aikin gidan duk ya dawo kaina, ni ce rijiya, ni ce murhu, ina tuƙa tuwo da littafin Malam buɗe a kan kujerar tsuguno, hayaƙi yana sa ni hawaye. Idan na kai mata kunu ɗaki takan juyar da fuska bango, kamar yadda ta saba, sai na ajiye na fita sannan ta sha. Ban taɓa kawo mutuwa a raina ba. Inna ce fa, macen da ke sussukar dami uku ba ta zauna ba.

Ranar jarrabawar Asabar ce, kuma a Daura za a yi. Hedimasta ya samo a-kori-kura da za ta kwashe mu daga bakin makaranta tun hantsi bai yi ba. Na yi wanka na sa yunifom ɗin da Iya ta wanke mini ta danne ƙarƙashin tabarma, amma da na leƙa ɗakin Inna na ga yadda take numfashi, sai na fasa tafiya. Na ce wa Iya ni ba za ni ba. Iya tana zaune a bakin gadon tana yi mata fifita. Inna ta buɗe ido, ba ni ta kalla ba, Iya ta kalla, ta ce da wata 'yar murya, "Iya, ki ce wa yarinyar nan ta tafi, kada mota ta bar ta." Na tsaya a bakin ƙofar ina murza fensirina. Na ce a raina yau dai, yau da zan bar gari karon farko a rayuwata, yau da take kwance haka, ai ta faɗa ko sau ɗaya. Na jira. Ta mayar da idonta ta rufe. Sai zuciyar nan tawa ta banza ta taso mini, na juya na fita fuu, ko "sai na dawo" ban ce mata ba. Iya ta biyo ni zaure da ƙullin ƙuli-ƙuli tana cewa in tsaya in yi sallama da uwata, na ce mota za ta tafi. Wannan fitar ita ce abin da na fi nadama a duk rayuwata.

Kunya nake ji in faɗi yadda na ji daɗin ranar. Muna hawa kwalta iska ta buge ni na manta da komai. Larai ta ɗauko waƙar gaɗa muka amshe, maza suna buga jikin motar. Na ga Daura, na ga shaguna jere da babura kamar ƙudan zuma, na ga ɗakin jarrabawa mai tagogin gilashi da fanka a sama. Da aka raba takardar Turanci na duba sai na kusa yin dariya, don duk abin da Malam Haladu ya yi ta dukanmu a kai ne. Ga jimloli da gurabe a cike da ƙananan kalmomin nan, ga wani ɗan labari da aka rubuta kaf da ƙananan baƙaƙe aka ce mu gyara. Na bi shi ɗaya bayan ɗaya, sunan yaro, sunan garinsu, ranar da ya je kasuwa, ban bar ko ɗaya ba. Na gama kafin kowa na zauna ina kaɗa ƙafa. Da muka fito Malam ya tambaye ni amsoshina, ina faɗa yana gyaɗa kai, a ƙarshe ya saya mana rake ya ba ni gaɓar da ta fi kauri. A hanyar dawowa har na huce, ina tsara yadda zan ba Iya labari da ƙarfi a tsakar gida don Inna ta ji daga ɗaki.

Bayan la'asar muka iso. Tun daga bakin makaranta na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza zaune jere, Baba a tsakiya kansa a ƙasa. Ban tuna yadda na ratsa mutanen ba. Na dai tuna na shiga ɗakin Inna na ga gadon an naɗe shimfiɗarsa, ga ƙwaryar kunun safe a ƙasa ba a taɓa ba. Wajen azahar Inna ta cika, kuma saboda zafin da ake yi ba a jira ba, kafin la'asar an kai ta. Ina riƙe da guntun raken nan har lokacin, wata mata ce ta ɓamɓare shi daga hannuna.

Sai bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Iya ta kira ni ɗakinta da hantsi ta zaunar da ni a gabanta. Ta tsufa a kwana ukun nan kamar an ƙara mata shekara goma. Ta ce akwai abin da take son in sani, ta rasa yadda za ta faɗa. Ta ce da rana ta take, Inna ta farka ta dubi ƙofa, hankalinta sarai, ba magagin zazzaɓi ba ne. "Sai ta kira ki. Da sunanki, Asiya, ba 'ke' ba. Sau uku. Na ce mata kin tafi Daura, ita ce ma ta ce ki tafi. Ta ce ta sani." Iya ta ce ɗakin cike yake da mata, uwar Larai tana nan, Baba yana bakin ƙofa, Nasiru yana rakuɓe a gefen gado, kuma babu wanda ya ga kunya a fuskarta. Na ce Iya ƙarya take yi don ta lallashe ni. Ta ce in je in tambayi duk wanda nake so. Na tambaya kuwa, gida gida, kamar mahaukaciya. Kowa ya ce haka aka yi.

Na ja Nasiru bayan ɗakin awaki na ce ya faɗa mini yadda ta faɗe shi, daidai yadda ta faɗa, ta ja ƙarshen ne ko ta datse, da ƙarfi ne ko a hankali. Yaro ɗan shekara bakwai, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce "Asiya" na ce ba haka ba, ya sake na ce ba haka ba, alhali ni ban san yadda yake ba. Na yi ta sa shi yana maimaitawa har ya fashe da kuka, na rungume shi muka yi tare. Bayan wata biyu sakamako ya fito, ni ce ta ɗaya a Turanci cikin 'yan makarantarmu. Malam Haladu ya kawo takardar har zaure, Baba ya karɓa ya yi godiya, ni kuwa ban fito ba.

Yau shekarata ashirin da wani abu ina koyar da Turanci a Daura, kuma na girmi Inna a shekarun da ta bar duniya. Har yanzu da ƙwarya da dutse nake fara wa 'yan aji ɗaya darasin ƙananan kalmomin nan, har yanzu ina zagaye ƙaramin baƙi da jan biro idan yaro ya fara sunansa da shi, ko da yake yaran yanzu a waya suka saba rubutu, ba ruwansu da babba da ƙarami. Kunyar ɗan fari ma ta kusa ƙarewa. Sai ka ji yarinya ƙarama a bakin get ɗin makaranta tana ƙwala wa ɗanta na fari kira, tana goge masa majina a gaban kowa, babu mai ɗaga ido. Ni ma da na haifi tawa ta fari, tun ranar suna na kama kiranta da sunanta, dangin babanta suka yi ta gulma wai boko ya cire mini kunya, na ce su yi ta yi. Amma ban taɓa ganin laifin Inna ba. Mace ce da aka koya wa cewa so abin ɓoyewa ne, ta ɓoye shi shekara goma sha biyu, ta yi mini surfe da tsohon ciki ba ta ce uffan ba, ni kuma na tsaya jiran kalma ɗaya na kasa yi mata sallama. Iya ta rasu, Baba ya rasu, uwar Larai ma ta bi su bara, masu shaidar suna ta ƙarewa. Wani lokaci idan ina kiran rajista na zo kan yarinya mai sunana, nakan ɗan dakata kafin in faɗa, yaran su ɗauka layin ne ya ɓace mini. Duk wanda ke gidan a ranar ya ji sunana a bakin uwata. Ni kaɗai ce ban ji ba.